Soron da Ya Faɗi Ana Kiran La'asar

Saura ƙiris Sadiya ta ƙi rubuta takardar nan. Da farko ta ce bik ɗinta, wato biro, ya bushe, sai mahaifinta ya zura hannu a aljihu ya fito da sabo, ko murfinsa ba a taɓa cirewa ba. Ta ce ai karatunta na boko bai wuce aji biyar na lakwal ba, rubutunta kamar kaza ta yi tono. Ya ce wanda aka yi takardar dominsa ya saba karanta abin da ya fi wannan muni. Da dabara ta ƙare mata, ta yago tsakiyar tsohon kayenta, littafin rubutunta na lakwal, ta zauna a gefen tabarma, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba. Ita dama ba mai magana ba ce. A unguwarsu cikin Birni akwai waɗanda suka shekara ashirin suna ganinta, ba su san muryarta ba.

Mahaifin nata, Yunusa, magini ne ɗan magina, kuma shi ne ladanin masallacin unguwa tun ba a haife ta ba. Kwana tara ke nan bai kira salla ba. Yana alwala, yana sallarsa a tsakar gida a kan buzu, amma masallaci ko hanyarsa bai kalla ba. Liman Kyari ne yake kiran da kansa, da muryarsa mai kama da ƙofar kwano da ta yi tsatsa, har tsofaffin unguwa suka fara makara saboda ba su gane kira ake yi ba.

Abin da ya faru a ranar Talata ne, tsakiyar damina. Ruwa ya sauko tun hantsi, ya ƙi tsayawa. Zainaba, yayar Sadiya, tana zaune a gidan da 'yarta Lubna mai shekara uku, don mijinta yana aikin mota can Agadas. Ɗakinta na bulo ne da rufin kwano, mijin ne ya sa aka gina, kuma Yunusa bai taɓa kiransa ɗaki ba, gwangwani yake ce masa. Shi nasa soro ne na tubali da azara, wanda ya gina da hannunsa shekara ashirin da shida da suka wuce.

Ranar Zainaba ta tafi niƙa, ruwa ya tsare ta a can. Lubna tana barci a ɗakin uwarta, kwano ya fara yoyo daidai fuskarta. Sadiya ta ɗauke ta, ta lulluɓe ta da zane, ta ƙetare tsakar gida a guje, ta kwantar da ita a gadon Baba, domin soron Baba bai taɓa yoyo ba. Ta koma ɗakin kwano tana tara robobi a ƙarƙashin yoyon. Tana cikin haka ta ji muryar Baba a lasifika yana kiran la'asar. Bai kai ƙarshe ba ta ji wata ƙara, ba ma mai tsanani ba, kamar an sauke buhun hatsi daga kan mota. Tabkin bayan unguwa ne ya cika ya biyo lungu, ruwa ya kwanta a bayan gidansu ya cinye gindin katanga, soron ya rufta a kan Lubna. Gwangwani yana nan tsaye, ko gezau.

A wurin zaman makoki wata maƙwabciya ta ce ai yarinyar da ƙafarta ta shiga, ta saba zuwa neman dabino a ƙarƙashin matashin kakanta. Ta kusa da ita ta ce haka ne, ajali ne ya kira ta. Sadiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka miƙo mata buta aka ce ta ciko ruwa. Kafin ta dawo magana ta riga ta zauna, an kai ta har wurin maza a ƙofar gida. Daga nan kullum ta yi niyyar faɗa, sai ta ga jiya ta fi yau sauƙi.

A gidan su Yunusa akwai al'adar da suka gada. In ginin da ka yi ya faɗi a kan mutum ko dabba, ba a aika yaro, ba a aika saƙon jaje. Bayan sadakar bakwai maginin yakan je da kansa, ya tone har tushe, ya fasa tubali ya duba cikinsu, ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tsaya a gaban mai gida, hula a hannu, ya faɗi dalili. In laifinsa ne ya ce nasa ne. In na gara ne, ko na indararon maƙwabci, ya faɗi sunan mai laifi. Abin da ba a yarda da shi ba guda ne: a ce haka kawai ya faɗi. Mahaifin Yunusa ya taɓa kama kansa da laifi a kan wani rumbu da ya danne tunkiya biyu, ya shekara bai taɓa ƙasa ba.

Kwana biyu Yunusa ya yi yana tonon nasa soron, shi ne magini, shi ne mai gida. Da ya gama ya wanke hannu, ya fita, ya sayo bik.

"Rubuta," ya ce. "Na ɗaya, tubali lafiya. Na fasa arba'in, cikinsu kamar jiya aka buga su. Na biyu, azara babu gara. Kin rubuta?"

"Na rubuta, Baba."

"Na uku, indararo a buɗe yake, ni na share shi kafin ruwan fari. Na huɗu, ruwan da ya kwanta a bayan gida ya kai ƙugun babban mutum, ga shaidarsa nan a katangar maƙwabta. Tun ina bin ubana da kwandon ƙasa ban taɓa ganin ruwa ya kai gwiwa a lungun nan ba. Na biyar, yarinya ta shiga da ƙafarta. Babu hannun ɗan'adam a ciki."

Bik ya tsaya. Sadiya tana kallon takardar, takardar tana kallonta.

"Shi ma ya bushe?"

"A'a."

"To rubuta."

Ta rubuta. Haruffan suka fito ƙanana, sun fi na sauran layukan ƙanƙanta, kamar su ma kunya suke ji.

"Na shida. Tun da magini ya bincika bai sami laifi a ƙasa ba, yana roƙon Mai ruwa Ya yi bayani, kamar yadda ake nema a wurin kowane magini. Shi ke nan. Sa sunana."

"Wa za a kai wa, Baba?"

"Liman. Shi ne yake karɓar cinyar ragon suna da sunan addu'a, shi zai karɓi wannan ma. Ɗauko mayafinki, boko ba ya shiga idonsa, ke za ki karanta masa."

Sun sami Liman Kyari a zaurensa da hantsi, yana shan ruwan zafi da citta saboda maƙogwaro. Tsoho ne Babarbare, kakanninsa daga Barno suka zo, kunnensa na hagu ya daɗe da ajiye aiki. Shi da Yunusa tare suka yi wasan ƙasa.

"Wushe da zuwa, Ladan. Ka zo ceton maƙogwarona?"

"Takarda na kawo."

"Daga meri, ofishin magajin gari?"

"Gaba da meri za ta."

Sadiya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida shi, ta karanta. Sau biyu Liman yana cewa ta ɗaga murya. Da ta zo na biyar ta bi ta kansa da sauri, kamar mai ƙetare garwashi. Da ta kai ƙarshe Liman ya ajiye kofinsa a hankali.

"Yunusa, ƙara ka kawo?"

"Tambaya na kawo."

"Ka san ba a yi Masa tambaya. Tun muna riƙe da allo ka san wannan."

"Na sani. Shi ya sa na biyo ta wurinka, kai ana yi maka."

Liman ya gyara zama. Ya ce in ana neman hannun mutane ai ba a rasawa, su waye suka cike rabin tabki da shara, su waye suka yi gini a kan hanyar ruwa? Yunusa ya ce ya ji, amma Lubna ce ta cike tabkin? Liman ya ce jarrabawa ce, Allah Yana jarraba wanda Yake so.

"Wa ake jarrabawa? In ni ne, ga ni, shekarata sittin da bakwai, gadon ma nawa ne. Da an jira in dawo daga masallaci in kwanta. Lokacin da Sadiyar nan take lakwal, in mushensu, malamin ajinsu, zai jarraba ta, ita yake ba takarda. Ban taɓa ji ya karya hannun wani yaro don ya ga ko ta iya lissafi ba."

"Ka fara haɗa Ubangiji da mushen lakwal."

"Ban haɗa ba. Cewa na yi ko mushe bai yi haka ba."

"Kai magini ne, da kamun hannunka kake auna katanga. Wanda Ya halicci hannun ba a auna Shi da kamu. Abin da yake zalunci a wurinka shi ne taɓa abin wani. Shi kuwa wane abu ne ba naSa ba?"

"Tunkiyata tawa ce," in ji Yunusa, "amma in na ɗaure ta a rana ba ruwa, kai ne na farko da za ka zo ka yi mini wa'azi. Wa ya koya mini cewa cutar da yaro laifi ne? Daga bakinka na ji, kai ma ba daga Barno kuka taho da shi ba. Ma'aunin naSa ne, Shi Ya ba ni. Girma ban musa ba, Liman, na ga girma ranar Talata. Amma shekara talatin da ɗaya sau biyar a yini ina tashi in ce wa mutane su zo ga tsira. Ranar nan maganar tana bakina soro ya sauka. In tsirar wata iri ce dabam da wadda na sani, a gaya mini, kada in yi ta shela a lasifika a kan abin da ban gane ba."

Wata akuya ta leƙo zauren, ta ga ba abin ci, ta wuce.

"'Ya'ya huɗu na binne, Yunusa," in ji Liman daga baya. "Biyu kai ka saka su a rami da hannunka. Ka taɓa jin na ce na gane? Jinjirin da wanzami yake cire wa beli, shi ma bai gane ba. A wurinsa duk gidan azzalumai ne, har uwar da ta riƙe shi."

"Uwar tana kuka lokacin da ake yi. Kuma in ya girma ana gaya masa dalili."

"To mu ma ba mu girma ba tukuna. Bayani yana can gaba."

"A gidanmu magini ba ya ce wa mai gida sai an je lahira."

"A gidanku ba ku gina sama ba ginshiƙi ba."

"Ba mu gina ba," in ji Yunusa. Ya murza idonsa da bayan hannu, hannun duk ya fashe saboda tonon ƙasa. "Kana tsammani daɗi nake ji? Kwana biyu ina tono ina addu'a in sami gara, in sami tubali ɗanye guda ɗaya. Da akwai mutum guda da ya sa hannu a cikin abin nan, ko ni ne, da na kama shi na huta, na koma masallaci."

Sadiya tana bakin ƙofa, takardar a hannunta ta jiƙe da gumi ta gefe. Ta ji bakinta ya buɗe, ita ma ba ta san lokacin da ta ba shi izini ba.

"Ni ce."

Yunusa ya waiwayo. Liman ya juyo da kunnensa na dama.

"Me ta ce?"

"Ni na kai ta," in ji Sadiya.

"'Yata, ɗaga murya, ni tsoho ne."

Sai da ta faɗa sau uku. Na ukun ya fita har lungu, wani mai tura kurar ruwa ya tsaya ya leƙo, ya ci gaba da tafiya. "Ni na ɗauke ta tana barci na kai ta soron Baba. Ba da ƙafarta ta shiga ba. Na biyar ƙarya ne, ni na rubuta shi da hannuna."

Ta rufe ido tana jira. Ba ta san abin da take jira ba, ko mari, ko tsinuwa, ko a ce ta tashi ta bar gidan. Abin da ta ji muryar Baba ce irin wadda yake yi wa leburori in ana duba gini.

"Kwanon yana yoyo?"

"Yana yi."

"A ina?"

"A fuskarta."

"Ɗakinki fa?"

"Ruwa ya shigo ta ƙofa, tabarma ta jiƙe."

"Soron ya taɓa yoyo?"

"Bai taɓa ba."

"Kin leƙa bayan gida?"

"A'a."

"Daga tsakar gida ana ganin bayan gida?"

"Ba a gani."

"Wa ya gaya miki soron nan ba ya faɗuwa?"

Sadiya ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake."

"Kai ne, Baba. Kullum kana cewa sai ya ga jikokin jikokinmu."

Yunusa ya cire hularsa, ya dube ta ciki da waje kamar yau ya fara ganinta, ya ɗora ta a gwiwa. Ruwan cittar Liman ya huce.

"Soke na biyar," in ji Yunusa. "Rubuta a ƙasansa. Sadiya ta ɗauke yarinya daga yoyo ta kai ta inda ta ga ya fi tsira, bisa maganar Yunusa. Sadiya ba ta sani ba. Yunusa bai sani ba."

Ta ɗora takardar a gwiwa ta rubuta. Layin ya karkace ya hau kan na shida, amma ana iya karantawa.

"To alhamdu lillahi," in ji Liman. "Ga hannun mutum ya fito, har biyu. Da bakinka ka ce in ka kama ka huta. Azahar ta kusa, lasifika tana can tana jiranka."

"Na kama, ban sami wurin riƙewa a jikinta ba. Da ta bar yarinya ruwa yana ɗiga mata a fuska, da shi ne zan ce ta yi laifi. Na shida yana nan yadda yake. Mu biyu ba mu sani ba. Shi Ya sani."

Liman ya dube shi, ya dubi Sadiya, ya miƙo hannu. Ta matso a durƙushe ta ba shi takardar da hannu biyu. Ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun ƙirjinsa.

"Amsa dai ba ni da ita, ba kuma zan ƙirƙiro maka ba. Zan ajiye. In ka riga ni tafiya ka tambaya da bakinka. In na riga ka, ka sa a tuna mini. Amma ka riƙe sallarka, Yunusa, kuma ka riƙe harshenka a gaban yara."

"Salla ban bari ba."

"Maƙogwarona fa?"

"Ka sha zuma."

A hanyar gida Yunusa yana gaba, Sadiya tana baya, suna kauce wa taɓo da tarin tubalin gidajen da su ma ruwa ya taɓa. Sai da suka iso ƙofar gida ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kwana tara kina ɗauke da wannan?"

"I, Baba."

"Shi ya sa tuwonki yake dawowa ba ki taɓa shi ba."

Ya ƙara da cewa:

"Takarda ta gyaru. Amma mai gida a wannan magana ba ni ba ne, ba Liman ba ne. Uwar yarinya ce. Ni ba zan faɗa mata a madadinki ba."

"To, Baba." Ta ɗan jinkirta. "In na yi salla, me zan ce Masa? Tun ranar nan sai in kai goshi ƙasa in rasa abin faɗi."

"Abin da kika gaya wa Liman. Shi ba sai kin maimaita sau uku ba."

Washegari Liman ne ya kira asuba, zumar ba ta yi wani aiki ba. Sadiya ta yi salla, ta hura wuta, ta dama koko, ta zuba a kwanon sha. Da gari ya waye sosai ta ɗauka ta nufi ɗakin kwano. Zainaba tana zaune a bakin katifa, ta jingina da bango, ɗankwalinta na jiya ne, na jiyan ma na shekaranjiya ne.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya."

Sadiya ta ajiye kokon, ta durƙusa, ta faɗa mata tun daga yoyon har zuwa gadon Baba. Ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Zainaba ba ta katse ta ba, idonta yana kan rufi, daidai inda haske yake shigowa ta hudar ƙusa.

"Tana barci kika ɗauke ta?"

"Tana barci."

"A tsakar gida ba ta farka ba?"

"Na lulluɓe ta da zanena. Ta ɗan motsa, ta riƙe mini wuya, ta koma."

"Da kika kwantar da ita fa?"

"Ba ta farka ba, Yaya."

Zainaba ta sauke numfashi mai tsawo. "Kwana goma ina ganinta cikin ruwan nan ita kaɗai, ba takalmi, tana nemana ɗaki ɗaki." Ta jawo kwanon kokon, ta riƙe shi da hannu biyu, ba ta sha ba. "Fita tukuna, Sadiya. Ba na son ganinki yanzu. In rana ta yi ki dawo ki tsefe mini kai."

Sadiya ta tashi ta fita. Ta kwaso tukwanen jiya ta kai bakin magudana, ta ɗebo toka, ta zauna ta fara wankewa.